Ƙunshin Hajiya a Jakar Kekena

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a wajen mai shayi a tare ni, a makarantar da nake koyarwa ma malamai sun ajiye aikinsu sun koma kan nawa. Wasu da gaske suke son ji. Wasu kuwa so suke in faɗa da bakina cewa a mota na ƙarasa, su samu abin dariya. To na gaji. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Kuma ku sani tun yanzu, har yau raina a ɓace yake.

Ga wanda bai sani ba, shekarun baya ciwon sukari ya kayar da ni a gaban aji, aka kwaso ni a adaidaita sahu aka kawo ni gida Gyaɗi-Gyaɗi. Likita ya ce in rage tuwo in ƙara motsi, sai na sayi keke. Keken nan ya yi mini rana. Tumbi ya tafi, numfashi ya dawo, awo ya daidaita. Amma a wajen danginmu har gobe ni majinyaci ne. In na ɗauki bokitin ruwa a ce in ajiye. In na yi atishawa a buga wa yayana, Yaya Sule, waya. Mutum ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya, ana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Da hutun damina ya matso sai na ce zan je Damagaram a keke in gai da Inna Yalwa, ƙanwar mahaifiyarmu, wadda aure ya kai can tun ina yaro. Ni kaɗai, da tantina da tukunyata, in kwana inda yamma ta yi mini. Yaya Sule yana ji ya kwashe da dariya a ƙofar gidanmu na Tarauni, a gaban 'yan majalisarsa.

"Kai ɗin, Garba? Jama'a ku shaida. A mota za a shigar da kai garin nan, keke a sama kai a ƙasa."

Na ce, "Yaya, ƙafata ba za ta taka mota ba sai na jingine keken nan a ƙofar gidan Inna Yalwa."

Abin da na fita nema ke nan. Ba ganin gari ya fitar da ni ba, so nake a daina yi mini kallon mara lafiya.

Wanda bai taɓa haɗa kayan tafiyar keke ba ba zai gane zafin abin da aka yi mini ba. A mota direba ne ke jan kayanka. A keke cinyarka ce. Duk cokalin da ka ɗauka, kai za ka hau tudu da shi. Na sa aka ƙara wa kariyar keken ƙarfe, na kai tamfol wajen wani mai ɗinkin kujerun mota a Babban Giji ya ɗinka mini jaka biyu masu rataya gefe da gefe. Na aro sikeli wajen mai kaji na kawo tsakar gida, kowane abu sai ya hau kafin ya shiga jaka. Sabulu na raba shi biyu. Kaftani ɗaya na ɗauka saboda Juma'a. Buta na nemo 'yar mitsitsiya. Bargo ya hau sikeli ya faɗi jarrabawa, na mayar da shi ɗaki. Matata Binta tana kallona tana cewa ko lefe ba a yi wa wannan bin diddigin.

Jakar dama ta ciki ce: ɗan risho, tukunya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, magunguna da abin awon sukari. Jakar hagu ta gida ce da gyara: tanti, sandunansa na ƙarfe masu naɗewa, gidan sauro, sai wata 'yar jaka mai famfo, da cub na cikin taya sabo, da faci, da sholisho, da sifana. Mai nauyi a ƙasa, abin gaggawa a sama, dama da hagu su zo daidai don kada keken ya riƙa janka gefe. Na loda, na zaga titin gidan zu na namun daji, na dawo na sauke, na sake lodawa, har sai da na iya zura hannu ido rufe in ciro abin da nake so.

Sai labari ya bazu, masu saƙo suka taso. Mu dai ba ma ganin matafiyi mu bar shi ya tafi da hannu biyu. Wani maƙwabcina ya zo da fanka, wai in sauke wa surukinsa a Daura, ai a kan hanya ne. Wata ta aiko da jarkar manja. Wani bawan Allah, ko kunya babu, ya zo da zakara. Duk na ba su haƙuri, wasu har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau. Ta ƙarshe ita ce Hajiya, mahaifiyarmu. Ta ce tana da ɗan ƙunshi na Yalwa.

"Hajiya, ki gafarce ni, babu wuri ko na allura. In na dawo zan ba direba ya kai."

Ta dube ni, ta ce, "To."

Ranar tafiya bayan asuba na biya Tarauni yin sallama. Na jingine keken a tsakar gida, Yaya Sule ya ja ni ɗakinsa wai in sha koko in yi wasiyya. Na sha kokon don in nuna masa ban ji haushi ba. Da na fito keken yana inda na bar shi, jaka a ɗaure, Hajiya tana kan darduma tana jan carbi. Ta yi mini addu'a mai tsawo, na shafa, na hau.

Fita daga Kano yaƙi ne. 'Yan adaidaita sahu ba su ɗauki mai keke a bakin mutum ba. Ɗaya ya matse ni har sai da na taka kwata, sannan ya leƙo yana tambayata ko mai gidan haya ne ya kore ni. Amma da na bar gari iska ta buɗe, gero da dawa suka rufe hanya hagu da dama, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Har waƙa na yi.

Bayan Ɗambatta tayar baya ta sace. Ko a jikina, ai na shirya. Na sauka ina murmushi, na zura hannu a jakar hagu ba tare da na duba ba. Hannuna ya taɓa abu mai laushi. Na leƙa. Babu jakar gyara. Babu sandunan tanti. A gurbinsu ga wani ƙunshi an naɗe shi da tsohuwar atamfa, an bi bakinsa da ɗinkin hannu, yana ƙamshin turaren Hajiya. Na ciro waya na kira ta.

"Hajiya, ina jakar kayan gyara? Ina sandunan tanti?"

"Waɗancan ƙarafan? Suna nan ƙarƙashin gado, na adana maka su."

"Hajiya, ai su ne tafiyar!"

"Ba kai ka ce babu wuri ba? Ga shi wuri ya samu, har nauyi na rage maka. Ka kai wa Yalwa hannu da hannu. Kada ka buɗe, kada ka ba kowa."

Uwa ce, ba a ɗaga mata murya. Na ce to, na kashe wayar, na juya na zazzage wa wani jaki da ke kiwo a bakin hanya duk abin da ke cikina. Komawa gida kuwa ban ko kawo ta a rai ba, don na san Yaya Sule yana ƙofar gida yana jira.

Haka na tura keke da kaya cikin rana har wani ƙauye. Mai facin garin na babur ne, kuma surutunsa ya fi aikinsa. Bakin cub ɗina siriri ne, famfonsa ya ƙi kamawa. Ya naɗe shi da roba, ya tofa yawu, ya sa ni ina bugawa shi yana riƙewa yana ba ni labarin wani ɗan'uwansa da ya je Legas a ƙasa. Iskar da ta shiga rabi ce. Da ita na lallaɓa, ina jin kowane dutse a ƙashin bayana.

La'asar sakaliya na sauka a bayan Kazaure, gefen wata gona. Tanti babu sanduna buhu ne kawai. Na ɗaura igiya daga dogonyaro zuwa keken, na rataya shi, na ja baya ina duba aikina. Hadari bai bari na gama dubawa ba. Iska ɗaya ta kayar da keken, keken ya janyo tantin, ruwa ya sauko a kanmu mu duka. Ina tsugune ina rungume da jakar magani sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kallona.

"Bawan Allah, lafiya? Ko da iyali aka saɓa?"

"Lafiya lau, Baba. Daga Kano nake, Damagaram za ni."

"Ba ka da kuɗin mota ne?"

"Ina da shi. Haka nake so."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Taso mu je gida."

A zaurensa na kwana. Mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai ba su san ƙi ba. Aka kawo malmalar tuwon dawa da za ta ishi mutum uku, na ce likita ya hana ni cin da yawa, dattijon ya ce likitan bai ɗanɗana na gidansa ba ne. Da safe ina ɗaure kaya sai ga shi da ƙullin daddawa.

"Tunda Daura za ka bi, 'yata tana can, bayan kasuwa. Kowa ya san gidan."

Na ci tuwonsa, na kwana a zaurensa, da wane baki zan ce a'a? Na karɓa. Babu wanda ya san gidan. Rabin yini na ɓata ina zaga bayan kasuwar Daura, ƙudaje suna bina, kaftanin Juma'ata ya koma warin miya. A can na sayi wani famfo da ya fi kama da abin wasan yara, na yanki rassa na maye gurbin sanduna. Maigadin wata makarantar firamare ya bar ni na kafa tantin a harabarsu. Ya karkace, amma ya tsaya. Na dafa shayi a rishona, na auna sukari na ga ƙalau, na ce duk da haka zan kai.

Washegari da hantsi na isa iyakar Nijar ta Kwangwalam. Jami'an ɓangarenmu suka duba takarduna, suka zagaye keken suna dariya, ɗaya ya ce in sayar masa da cinyata. Na tsallaka. Abin da ya fara ba ni mamaki a ɗaya ɓangaren shi ne shiru. Babu mai danna ham don jin daɗi. Wata babbar mota ta rage gudu ta kauce mini, har na waiga in ga ko wani babba ne a bayana. Hausa ɗaya muke yi, amma da an zo takarda sai su juya Faransanci, ni kuma in koma kurma. Na tarar babban jami'in iyakarsu ya fita, aka ce in zauna. Aka miƙo mini burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi. Aka kawo shayi a ɗan kofin da bai wuce kurɓa biyu ba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na yi godiya na miƙe, aka ce ina za ni, saura na biyu da na uku. Mu a Kano mai shayi cika maka kofi yake ka sha ka ba wani benci. Su yini guda suke yi a kan 'yar buta ɗaya.

Da babban ya dawo ya sa na sauke kaya. Ya ga risho, ya ga tanti, ya jinjina kai. Sai ya ɗaga ƙunshin Hajiya.

"Malam, mi ke ciki?"

"Saƙo ne, ranka ya daɗe. Ban sani ba."

"Ka ɗauko abu tun daga Kano ba ka san mi ke ciki ba?"

"Na mahaifiyata ne. Amana ce, ta ce kada in buɗe."

"Kai ta ce ma. Ni ba ta ce mini ba."

Gaskiyarsa ce, aikinsa yake yi. Ya sa reza ya farke ɗinkin a hankali. Farin yadi ne sabo fil, a ninke. A tsakiyarsa ga kwalbar turare da 'yar gorar ruwan zamzam. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza ya san wannan yadin. Jami'in ya cire hularsa, ya mayar da likkafanin yadda yake da hannu biyu, ya buga mini hatimi ba tare da ya ƙara tambaya ba.

"Allah ya sa ka tarar da ita," in ji shi.

Na koma gefe na kira Hajiya tun layinmu bai ɗauke ba.

"Hajiya, me ya sami Inna Yalwa?"

"Me kuwa? Lafiyarta ƙalau."

"Don Allah ki gaya mini gaskiya. An buɗe ƙunshin a iyaka, na ga abin da ke ciki."

"Na ce maka ƙalau take. Kai dai ka daina tsaye-tsaye a hanya, ka kai mata abinta."

Ku da kuke dariya, ku gaya mini me za ku ɗauka. Mu ba a faɗa wa matafiyi gaskiya. Ina karatu a Zariya aka aiko cewa Baba lafiyarsa ƙalau, yana dai son ganina. Na iso na tarar an dawo daga maƙabarta. Tun daga ranar, in aka ce mini ƙalau gabana faɗuwa yake. Inna Yalwa ba ta riƙe waya, lambar ɗanta kuma ta ƙi shiga.

Na hau keken na taka kamar ana kora ta har Matamaye. A can na tambaya, aka ce da irin tafiyata da wannan tayar, sai gobe da yamma in Allah ya so. Gawa kuwa ba ta jiran gobe. Na tsaya a bakin tasha, ƙafa ɗaya a feda ɗaya a ƙasa, ina jin muryar Yaya Sule a kunnena. Sai na tuna Inna Yalwa ce ta goya ni lokacin da Hajiya ta yi doguwar jinya. Na sauka daga kan keken.

Aka ɗaura shi a saman wata tsohuwar mota, aka ɗora masa buhunan gero, aka ja igiya har na ji ƙafar keken ta baya ta yi ƙara. Na shiga na takure tsakanin wata mai ƙwaryar nono da wani mai tunkiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, hanyar nan ita ce mafi kyau a duk tafiyar. Shimfiɗaɗɗiya, babu rami, babu cunkoso, iska tana turowa daga baya. Ina kallonta ta taga ina haɗiye baƙin ciki.

Direban ya ji labarina a bakin fasinjoji. Da muka shiga Damagaram na ce ya sauke ni a tasha, ya ƙi.

"Haba malam. Mai kai likkafani ba a aje shi tasha. Har ƙofar gida."

Muna karyo kwanar unguwar na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, dattawa a zaune, mata suna leƙe ta katanga. Na fara salati tun kafin motar ta tsaya. Na fito da ƙunshin a ƙirjina.

Sai na ji guɗa. Wata tsohuwa ta fito daga zaure da sauri, da ludayi a hannu, zani ɗaure tamau. Inna Yalwa ce. Ta fi ni ƙarfi. Ta rangaɗa guɗar har rabi, idonta ya sauka a kan motar, ya hau sama inda ake kwance keken daga ƙarƙashin buhuna, ƙafar baya a lanƙwashe. Guɗar ta tsaya.

"Inna, ba ki da lafiya aka..." Na kasa ƙarasawa, na miƙa mata ƙunshin.

Ta buɗe, ta shinshina, fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi, yayata ta cika alkawari. Tun da ta dawo daga Makka nake roƙonta wannan, in sa a akwati in huta. Duk sa'o'ina kowa na da nata, ni kaɗai ce babu." Ta naɗe shi ta sa a hammata. Sannan ta rage murya. "Garba, a mota ka zo?"

"Daga Matamaye ne kawai, Inna. Na ɗauka..."

"An ce mini yau za ka shigo a keke. Gida-gida na bi na faɗa. Na ce ɗana zai taho tun daga Kano da ƙafarsa, ku fito ku gani. Wasu suka ce ƙarya ne, na ce ba ku san Garba ba. Tun azahar suke zaune."

Ashe tabarmin nan nawa ne. A duk dangi, ita kaɗai ce ta yarda zan iya. Na buɗe baki in yi bayanin Ɗambatta da Kazaure da Daura, in nuna musu cinyata da ƙunar rana a hannuna, amma ta riga ta juya wajen jama'a. Rufa mini asiri take son yi.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Kada ku ga laifinsa. Yaron ba shi da lafiya ne, ciwon sukari gare shi."

Dattawan suka tausaya ƙwarai. Ɗaya ya tashi ya ba ni wurinsa a inuwa, wani ya karɓe jakar hannuna wai kada in wahala.

Masu tambayar yadda Damagaram take, gari ne mai kyau, furarsu ta fi tamu nono, kilishinsu kuma babu kamarsa. Ƙafar keken ba ta gyaru a can ba, hutu ya ƙare, a mota na dawo. Ban yi wa Hajiya maganar ba, ba kuma zan yi ba, a ganinta taimakona ta yi. Amma kwanakin da na yi a unguwar nan, shayina daban ake dafawa babu sukari, kuma har na baro garin babu mutum ɗaya da ya ce mini sannu da hanya. Duk wanda ya gamu da ni, sai ya rage murya ya ce, "Malam Garba, ya jiki?"